Motar miliyan uku da rabi a Filinge: abin da take ci bayan an sallami dillali

Tsakanin Filinge da Yamai kimanin kilomita 180 ne, zuwa da dawowa 360. Ƙaramar mota mai lafiya, irin su Corolla ko Carina, takan sha kamar lita 8 a kowane kilomita 100 in aka haɗa da lodi da iska da ramukan hanya, wato lita 29 a wannan tafiya. A farashin da gwamnati ta tsayar ranar 23 ga Yulin 2024, sefa 499 kowace lita, man tafiyar bai cika jikka goma sha biyar ba, kusan sefa 14,400 ne. Wannan lissafin kusan kowa yake yi a ka ranar da sha'awar mota ta shige shi, kuma shi ke sa mutum ya ce ai mota ba ta fi ƙarfinsa ba. Lissafin daidai yake. Sai dai kashi ɗaya ne kacal cikin uku na abin da tafiyar ta ci. Sauran kashi biyun ba a gidan mai ake biyan su ba, shi ya sa ido ba ya ganin su.

Duk alƙaluman da za su biyo baya da tamma ta sefa suke, ba da dala ba, jikka ɗaya kuma ita ce 1,000.

Mafi yawan motocin da ke bin hanyoyinmu sun gama wata rayuwa a wata ƙasa kafin su zo mana. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya ƙidaya ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufo. Binciken da Holan ta yi a tashoshin ruwanta, wanda rahoton ya kawo, ya nuna yawancin waɗanda ake lodawa zuwa wannan nahiya shekarunsu tsakanin 16 ne da 20. Wato motar da ake ce mata sabuwar shigowa a wurin dillalan Yamai sau da yawa ta girmi yaron da zai riƙa wanke ta. A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙa'idar kada a shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara 5, amma duk wanda ya tsaya bakin kwalta rabin sa'a ya ga inda ƙa'idar ta tsaya. Nijar ma ta bar ƙungiyar baki ɗaya a Janairun 2025.

Yadda farashi ke hawa daga can zuwa nan shi ne abin da ya kamata mai saye ya fara fahimta, don a nan ne yake gane ko dillali na cutarsa ko kuwa gaskiya yake faɗi. Mu ƙaddara an sayi mota a Beljiyam ko Jamus a yuro 2,000. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999 a kan 655.957, saboda haka kuɗin motar sefa 1,312,000 ne, ba hawa ba sauka. Mu ce kuɗin jirgin ruwa da inshorar teku da ɗawainiyar tasha sun kai darajarta miliyan 2 a idon duwan. Na ce a idon duwan saboda ba rasiɗin da ka nuna ake bi kai tsaye ba, akwai ƙiyasin da ake yi wa mota bisa iri da shekaru, kuma a Yamai wannan aikin a wurin kamfanin SONILOGA ake haɗa shi da rajista. Harajin shigo da motar hawa a tsarin ƙasashen UEMOA kashi 20 ne cikin ɗari: sefa 400,000. Sai harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne. Mutane da yawa sukan haɗa 20 da 19 su ce 39. Ba haka ake yi ba. TVA a kan jimlar kuɗin mota da harajin farko ake ɗora shi, wato kashi 19 na 2,400,000, wanda ya ba da 456,000. Haraji biyun nan kaɗai sun tashi 856,000, kusan kashi 43 cikin ɗari na darajar motar. Akwai ƙananan caji da ke biye, cikinsu har da rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ƙasashen AES suka sa wa kayan waje a Maris ɗin 2025, wanda a motarmu jikka goma ne. Da su gaba ɗaya abin ya doshi kashi 45. Kafin motar ta sami lamba ta riga ta kai miliyan 2 da jikka 900.

Saura hanya daga bakin teku, da ladan direban da ya koro ta, da kartagiris da lamba, da ribar mai wurin sayarwa, da la'adar dillali. Ba abin mamaki ba ne motar ta tsaya a miliyan uku da rabi. Abin da Bature ya rabu da shi a miliyan ɗaya da jikka 300 ya ninka sau biyu da rabi da ɗoriya, alhali ba a ƙara masa ko ƙusa ɗaya ba.

Hanyar nan daga bakin teku ita ce ta fi rikicewa a 'yan shekarun nan. Tun da daɗewa Kwatano ce ƙofar motocin Nijar: kilomita dubu da 'yan kai zuwa Yamai, ta Faraku, a haye gadar Malanbil a sauka Gaya, a bi Dosso. Kasuwar ta yi girman da ya wuce buƙatar Nijar, domin motoci da yawa da aka rubuta wa Nijar a takarda ta Gaya da Ƙonni da Maraɗi suke sulalewa Najeriya, har Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Wannan cunkoson ya amfani ɗan Nijar, don inda kaya suka yi yawa zaɓi yakan yi yawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta rufe iyakoki. Ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata gefen gadar Gaya a rufe. Kaya suka koma Lome, sama da kilomita 1,200, ta cikin Burkina, ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja. Kowace rana da mota ta kwana tana jiran ayari, akwai wanda ke biyan abincin direba da kuɗin ajiya da kuɗin da ya ranto, kuma a ƙarshe mai saye a Filinge ne zai biya duka ba tare da an rubuta masa su a takarda ba.

Miliyan uku da rabi nawa ne a ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge? Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya daɗe a 30,047 tun 2012, daga baya aka ɗaga shi zuwa 42,000. A wannan ma'aunin motar albashin wata 83 ce, shekara bakwai saura kaɗan, ba ci ba sha. Amma a nan ba da albashi aka fi sayen mota ba, da dabba ne, ko da kuɗin ɗan da ke ci-rani. In sa ɗaya ya yi jikka 350 a kasuwar Baleyara ranar Lahadi, shanu goma ke nan za a kora. Kuma a ƙasar da ke da Tukunus a gefenta, inda aka san darajar saniyar Azawak, ba sai an tuna wa kowa ba cewa garke haihuwa yake yi, mota kuwa tun ranar da ta shigo gida take raguwa.

Wannan raguwar ita ce babban kuɗin da ba a gani. Mu ce mai motar ya riƙe ta shekara 5 ya sayar a miliyan ɗaya da rabi. Ya yi asarar miliyan 2, wato jikka 400 a shekara, sama da sefa 1,000 a kowace rana, ko ta fita ko tana ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta da tabarma. Wani zai ce a'a, tsofaffin Toyota ba sa faɗuwa haka, musamman yanzu da shigo da su ya yi wuya. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai in motarka ta riƙe farashi don kasuwa ta hau, wadda za ka maye gurbinta da ita ma ta hau, abin da ka samu a hannun dama ka ba da shi da hagu.

A kan wannan sai takardun shekara: asiransi, wanda dole ne a duk ƙasashen da ke bin dokar CIMA, da binyet, da duba lafiyar mota, da kuɗin hanya da ake karɓa a shinge. Mu ware musu jikka 100. Sai gyara. Motar da ke yin kilomita 10,000 a shekara tana buƙatar juyen baƙin mai sau biyu aƙalla, a ƙurar nan tamu ma sau uku ya fi. Tayoyi huɗu ba za su wuce shekara biyu zuwa uku ba. Batir a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ba ya yin kwanan da yake yi a Turai. Shokozoba da robobin ƙafa kuwa hanyar ƙauye ce ke cinye su. In aka ware jikka 300 a shekara ba a yi almubazzaranci ba, kuma wannan a shekarar da inji da giya ba su yi gardama ba ne. Mai na kilomita 10,000 lita 800 ne, sefa 399,200, mu ce jikka 400.

A haɗa: 400 na raguwar daraja, 100 na takardu, 300 na gyara, 400 na mai. Miliyan ɗaya da jikka 200 a shekara. Jikka 100 a wata, ko sefa 120 a kowane kilomita. A wannan ma'aunin tafiya Yamai da dawowa ta tashi 43,200, wato ta ɗara mafi ƙarancin albashin wata guda.

Wannan adadin yana da muhimmanci a zaman tare fiye da yadda ake zato, saboda a gari kamar Filinge motar mutum ɗaya ta unguwa ce. Maƙwabci zai yi sallama da asuba: "Alhaji, jikin tsohuwa ya tsananta, likita ya ce sai Yamai. A taimaka da mota, ni zan zuba mai." Alhaji ba zai ce a'a ba, bai kamata ma ya ce ba. Maƙwabcin ya zuba na jikka goma sha biyar, zuciyarsa ta kwanta cewa ya sauke nauyi. Sauran jikka ashirin da takwas Alhaji ne ya biya, shi kansa bai sani ba sai ranar da bakanike ya ce masa a sayo ƙafa. Ba ina cewa a daina taimako ba ne. Motar da ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare ta biya kuɗinta a wurin Allah da wurin mutane. Abin da nake so shi ne mai niyyar saye ya sa wannan a lissafinsa tun farko, don na sha ganin zumunci ya yi tsami a kan mota, mai ita yana jin ana cin sa, masu aro suna jin ya fara rowa, alhali dukansu ba su san ainihin kuɗin tafiyar ba.

Sefa 120 ɗin nan ba tsayayye ba ne, yana bin yawan tafiya. Ƙidayar 2012 ta ba garin Filinge mutum 12,000 da 'yan kai, ƙaramar hukumar kuma sama da 90,000. Garin da ƙafa ke ratsa shi cikin ɗan lokaci ba ya tara wa mota kilomita. Ma'aikacin da ke zuwa ofis da masallacin Juma'a, ya leƙa Yamai sau shida ko bakwai a shekara, da ƙyar zai haura kilomita 4,000. Mansa ya sauka zuwa jikka 160, gyara mu ce 150, amma raguwar daraja da takardu suna nan a 500. Jimla jikka 810, wato sama da sefa 200 a kilomita. Ɗan kasuwar da ke yin 25,000 a shekara kuwa, ko da an ƙara masa raguwar daraja zuwa jikka 500, gyara zuwa 600, mai kusan miliyan ɗaya, jimlarsa miliyan 2 da jikka 200 ce, sefa 88 a kilomita. Wanda ya fi tattalin motarsa shi ya fi biyan tsada a kan kowane taku da ta yi. Ga mai kilomita 4,000, jikka 810 a shekara za ta biya masa kujerar gaba a motar haya duk lokacin da ya so, ta ɗauki shatar mota ranar larura, canji ya rage.

Maganar farashin mai ita ta fi cika bakin mutane, ita ce kuma ta fi ƙaramin tasiri. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, gwamnati ce ke yanka farashi. Fetur ya yi shekaru a 540. Ragin 2024 ya sauke shi da sefa 41. An yi murna, kuma ragi ragi ne. Amma a tafiyar Yamai da dawowa abin da ya rage wa mai Corolla bai cika sefa 1,200 ba. A shekara, ga mai kilomita 10,000, sefa 32,800 ne, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na abin da motar ke ci. Taya ɗaya da ta fashe a rami tsakanin Bonkuku da Baleyara tana iya tafiya da mafi yawan ribar.

Abin da ya fi farashin hukuma tasiri shi ne samuwar man. Shekara da shekaru fetur ɗin Najeriya mai tallafi, wanda 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalba da jarka, shi ke cike giɓi mai yawa a ƙasar nan. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, wannan rijiyar ta fara ƙafewa, kowa ya juyo gidan mai, nauyi ya hau kan kamfanin mai na SONIDEP da matata guda ɗaya. A Maris ɗin 2025 aka ga sakamakon: layuka a Yamai da sauran garuruwa, gidajen mai a bushe. A irin wannan lokaci garin da ke nesa da babban ma'aji shi ke shan wuya, kuma in lita ta kai 1,000 a kwalba, man kilomita ɗaya ya tashi daga sefa 40 zuwa 80. Ga kuma man kwalba da datti ko ruwa a ciki, wanda tsohuwar mota mai kafireto kan jure, sabuwa mai allura kuwa ta kwanta.

Akwai tsohuwar magana da ya kamata a sake dubawa, cewa motar gazuwal ta fi sauƙin riƙo. A da haka ne: gazuwal 538, fetur 540, ga injin gazuwal ba ya sha da yawa. A Agustan 2022 aka ɗaga gazuwal zuwa 668. Ragin 2024 ya mai da shi 618, har yanzu sefa 80 sama da tsohon farashinsa, sefa 119 sama da fetur. Yanzu kafin motar gazuwal ta yi kunnen doki da mai shan lita 8 na fetur, sai ta sha ƙasa da lita 6 da rabi. Ƙananan motocin Turai na gazuwal suna iya yin haka, amma famfonsu da allurarsu ba kowane gareji ke taɓa su ba. Hilux mai shan lita 10 kuwa za ta ƙone sefa 22,250 a tafiyar Yamai da dawowa, rabi da ɗoriya sama da Corolla.

To me ya sa duk da haka idon mutumin Kurfai yake kan Hilux? Don kwalta zare ɗaya ce. Hanya mai lamba 25 ta taso daga Yamai ta Hamdallahi da Baleyara da Bonkuku ta iso Filinge. Da zarar ka sauka daga kanta ka nufi Cikal ko wani ƙauyen cikin Dallol Boso, yashi ne da rani, laka da kwazazzabai da damina. Cikin Corolla bai fi santimita 15 daga ƙasa ba. A hanyar da manyan motoci da amalanke suka haƙa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya, cikinta ne ke zama a kan tudun, tayoyi suna juyawa a banza, tukunyar baƙin mai da salansa suna shan duka. RAV4 ta kusa santimita 19, Hilux ta haura 20, ga jan ƙafa huɗu. Santimita biyar ɗin nan su ne bambancin isa gida da kwana a daji ana haƙa da hannu. Ra'ayina a nan a fili yake: wanda tara cikin goma na tafiyarsa a kan kwalta take, ya sayi ƙarama, ranar shiga ƙauye ya yi shata. Wanda gonarsa da garkensa da kasuwarsa ke bayan yashi, ƙaramar mota asara ce a gare shi komai arharta, don abin da ya rage a saye zai biya shi a gareji cikin damina biyu.

Sai dai babbar mota ta zo da nata lissafin da ba a rubuta shi da sefa. Jihar Tilaberi tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a sassa da dama tun 2017, aka shigar da gundumar Filinge a farkon 2020. A arewa, wajen Abala da Banibangu, a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ita 'yan bindiga suka fi kwaɗayi, kuma asiransin dole, wanda ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya, ba ya mayar maka da motar da aka ƙwace. Ranar 15 ga Maris ɗin 2021 an tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, an kashe mutum 58. Direbobin yankin nan da wannan a ransu suke tayar da mota kowace safiya.

Matsalar tsaron ce kuma ta taɓa abin hawan talaka. Babur yana shan kamar lita 2 da rabi a kilomita 100, sefa 12 ko 13 a kilomita, kashi ɗaya cikin uku na man ƙaramar mota, kuma yana ratsa yashin da ita ba ta iyawa. Daga 1 ga Janairun 2020 aka hana hawansa a sassa da yawa na jihar. An ɗage hanin a Satumban 2021, ba a jima ba aka mai da shi a wurare da dama. Duk inda aka ɗauke babur, malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da ɗan kabu-kabu da mai kai madara kasuwa sun koma ko dai amalanke ko jiran mota. Wasu da suka sayi tsohuwar mota a shekarun nan ba don ƙawa suka saya ba, tilas ce ta sa, kuma su ne lissafin sefa 200 a kilomita ya fi yi wa ciwo.

Mai son motar ta ciyar da kanta sai ya dubi haya, inda lissafin kujera ake yi. Hiace mai shan lita 12 na gazuwal za ta ƙone sefa 26,700 zuwa Yamai da dawowa. In ta cika da fasinja 18 a kowane zuwa, man kujera ɗaya sefa 740 ne. In ta dawo rabi, ko ta tafi rabi, ya haura 980. In duka biyun rabi ne, ya kusa 1,500, tun ba a cire na direba da karen mota da kamasho a tasha da na shingaye ba. Shi ya sa direba ke zama a tasha har rana ta take yana jiran mutum biyu, shi ya sa kuma ake ɗora buhuna da awaki a sama har mota ta karkata. Lodin da ya cece shi yau shi ne zai karya masa sifirin gobe.

Ranar saye, abin da zai kare miliyoyin nan bai fi aikin sa'a biyu ba, in aka je da bakaniken da za a riƙa kai wa motar, ba wanda dillali ya kawo ba. A zo da safe a tayar da injin yana sanyi, a tsaya bayan salansa a ga launin hayaƙi: shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai ce. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya fara haɗuwa da mai, a bar ta. A shimfiɗa buhu a kwanta a ƙarƙashi da tocila, domin motar ƙasashen sanyi gishirin da ake zuba wa titi saboda ƙanƙara yakan ci ta daga ƙasa, fenti na sheƙi a sama, ƙarfe na ɓarewa da yatsa a ciki. Agogon kilomita ana juya shi, saboda haka a dubi robar birki da kulochi da sitiyari, su ba sa ƙarya. In 'yar Amurka ce, agogonta da mil yake ƙirga: 100,000 a fuskarsa kilomita 160,900 ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016, kuma komai kyan zanenta, tayar da ta tsufa haka ba abin amincewa ba ce a kan kwalta mai zafi da lodi. A ƙarshe a gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke kan kartagiris da takardar duwan, harafi da harafi. Motar da aka rage maka jikka 700 don "takardunta na hanya" cinikin biri a sama ne: harajin da muka lissafa a baya yana nan yana jiran ka a shingen farko da jami'i ya duba da kyau, da tara a kai.

Irin motar ma lissafi ne. Ba don Toyota ta fi kowace mota a duniya ba ne ta cika tashoshinmu. Dalilin shi ne kayan gyaranta, sabo da na hannu, suna nan a Yamai da Ƙonni da Sakkwato da Kano, kuma duk yaron gareji a kanta ya koyi aiki. In fambel ko famfon ruwan Corolla ya lalace a Filinge, in ba a samu a gari ba, waya ɗaya ce zuwa Yamai, a tura kuɗi, a ba direban tasha, gobe a ɗaura. Motar da ba a saba da ita ba, wadda aka saya don ta fi arha da jikka 500 kuma kujerunta na fata ne, ƙaramin abu na lantarki zai iya zaunar da ita wata guda, kayan su zo ba su dace ba a mayar, a ƙarshe a ɗauko mai na'urar bincike daga Yamai ko a ja ta kilomita 180 zuwa wurinsa. Duk kwanakin nan sefa dubu da ɗoriya na raguwar daraja da kuɗin takardu suna tafiya. Ranar sayarwa kuma masu sayen mota a Filinge ba su da yawa, kuma duk sun san tarihinta. Corolla za ta sami mai so a cikin gari ko a Baleyara. Ɗayar sai an kai ta Yamai, inda dillalin da ya san ba za ka iya komawa da ita ba shi zai yanka mata farashi.